Harsashin Magnum da Harbin Nesa: Me Zai Tsinana wa Mafarautan Ƙasar Gumel?

A ƙasashen da farauta ta zama wasan masu hali, irin su Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu, an shafe fiye da shekara ɗari ana jayayya a kan wane harsashi ne ya fi kaiwa nesa da ƙarfinsa, kuma galibin jayayyar a kan jinsin harsasan da ake kira magnum take, wato waɗanda aka faɗaɗa wa kwanso domin ya ɗauki albarushi fiye da na sauran harsasai masu kauri ɗaya da su. Wannan magana ta iso ƙasar Hausa ta wayar hannu, inda bidiyon mutanen da ke kayar da dabba daga nisan rabin kilomita yake yawo a hannun matasa, har wanda ya tashi yana ganin adaka a kafaɗar maharbin garinsu ya soma yi mata kallon raini. Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, wuri ne da ya dace a gwada wannan magana, domin ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, wadda ido yake cin nisa a cikinta da rani bayan an kwashe amfanin gona, har baƙo ya yi zaton babu inda ya fi ta dacewa da harbin nesa. Lissafi kuwa akasin haka yake nunawa.

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, da albarushin da ke cikinsa, da ɗan maƙyasti a gindin kwanson wanda allurar bindiga take duka idan an ja kunama, sai kuma ƙwayar da ke fita, wadda akasari dalma ce aka lulluɓe da jan ƙarfe. Bindigar da ake harba shi da ita, wato raifil, ta bambanta da adaka da bindiga mai baki biyu ta wajen tsagar da aka yi a cikin bututunta, tsaga ce mai murɗiya wadda take sa ƙwayar ta fita tana juyawa a kan kanta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan juyawar ce take hana ta tuntsurawa a cikin iska. Albarushin ma ba irin baƙin nan mai hayaƙi ba ne da 'yan bindigar sarki suke ɗurawa ranar hawan salla. Albarushi marar hayaƙi ne, wanda wani masanin haɗa sinadarai na ƙasar Faransa mai suna Paul Vieille ya samar a 1884, kuma shi ne ya ƙara gudun harsashi ƙwarai.

Ƙarfin da ƙwayar harsashi take ɗauke da shi ana auna shi da ma'aunin da ake kira jul, kuma ana samun sa ne ta hanyar ɗaukar rabin nauyin ƙwayar a ninka shi da gudunta sau biyu, abin da yake nufin cewa ƙarin gudu ya fi ƙarin nauyi tasiri nesa ba kusa ba. A nan ne dabarar magnum ta samo tushe. Harsashin .308 Winchester, wanda aka fito da shi a 1952 kuma ba magnum ba ne, yana fitar da ƙwaya mai nauyin giram 11.7 da gudun kimanin mita 800 a daƙiƙa, ƙarfinta a bakin bindiga yana kaiwa wajen jul 3,700. Ita wannan ƙwayar dai, idan aka ɗora ta a kan kwanson .300 Winchester Magnum na 1963, tana fita da gudun kimanin mita 900 a daƙiƙa, ƙarfinta ya haura jul 4,700. Abin lura shi ne kuɗin da aka biya kafin a samu wannan ƙari, domin albarushin da magnum ɗin yake ci ya fi na ɗan'uwansa da fiye da rabi, alhali gudun da aka ƙaru da shi bai wuce kashi 12 ko 13 cikin ɗari ba. Sauran albarushin ya tafi a zafi da ƙara da harshen wuta a bakin bindiga.

Uban wannan jinsi shi ne .375 H&H Magnum, wanda kamfanin Holland & Holland na birnin Landan ya fito da shi a 1912 domin Turawan da ke zuwa farautar manyan namun daji a Afirka da Indiya. Lambar da ke gaban sunan kaurin ƙwayar ce da ma'aunin inci, wato kimanin milimita 9.5, kuma ƙwayarsa mai nauyin giram 19.4 tana fita da gudun kimanin mita 770 a daƙiƙa da ƙarfin da ya kusa jul 5,800. Masu ƙera shi sun yi la'akari da zafin ƙasashenmu, domin albarushin wancan zamani yana ƙara tsananin ci idan ya sha rana, saboda haka suka yi kwanson da ɗan tsukewa zuwa sama yadda ba zai maƙale a cikin bindiga ba a lokacin da ɓauna ta taso wa maharbi. Har yau ƙasashe da dama na gabashi da kudancin Afirka suna ɗaukar wannan kauri ko makamancinsa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a fuskanci giwa ko ɓauna da shi. Sai dai ba harsashin nesa ba ne, aikinsa ratsa ƙashi mai kauri daga mita hamsin zuwa ɗari biyu. Ƙanensa .300 H&H Magnum na 1925 shi ne ya ɗaga sunan magnum a harbin nesa, bayan da wani Ba'amurke mai suna Ben Comfort ya ci gasar Kofin Wimbledon ta harbin yadi 1,000 da shi a 1935. Daga nan kamfanonin Amurka suka shiga tsere: Roy Weatherby ya fito da nasa .300 a tsakiyar shekarun 1940, Winchester ta kawo .458 a 1956 da .338 a 1958, Remington ta kawo 7mm Remington Magnum a 1962.

Idan nesa ake nufi, uku ne suka cancanci a jera su. Na 7mm yana jefa ƙwaya mai nauyin giram 10.4 da gudun kimanin mita 900 a daƙiƙa, ƙarfinta wajen jul 4,200, kuma falalarsa ita ce ƙwayar doguwa ce siririya, iska ba ta cika riƙe ta ba. Wannan hali na ratsa iska shi ne abin da masana suke ba lamba domin kwatanta ƙwaya da ƙwaya, kuma a nesa ya fi gudun farko muhimmanci, domin ƙwaya mai dakusasshen kai da ta fita a guje takan gaji tun kafin mita ɗari biyar, mai tsini kuwa ta wuce ta ko da ta fita a bayanta. Na .300 Winchester Magnum ya fi shi nauyin ƙwaya da faɗin rauni, shi ya sa masu farautar manyan barewar duwatsun Amurka suka fi son sa, kuma sojojin ƙasashe da yawa suka ɗauke shi. Na uku shi ne .338 Lapua Magnum, wanda aka kammala a ƙasar Finlan a ƙarshen shekarun 1980 domin aikin soja, ƙwayarsa giram 16.2 ce da gudun kimanin mita 900 a daƙiƙa da ƙarfin da ya haura jul 6,500, kuma tana riƙe gudun da ya fi na sauti, wato kimanin mita 340 a daƙiƙa, har bayan kilomita ɗaya da ɗoriya. Sababbin shigowa irin su .300 PRC na 2018 da 7mm PRC na 2022, waɗanda kamfanin Hornady ya yi, ba su zo da ƙarin gudu na a zo a gani ba, gyaransu shi ne sun ba dogayen ƙwayoyi wurin zama mai kyau a cikin kwanso da bututu.

Duk wannan jeri na lambobi a bakin bindiga yake, dabba kuwa ba a bakin bindiga take tsayawa ba. Daga lokacin da ƙwaya ta bar bututu ƙasa take jan ta kamar yadda take jan kowane abu da aka saki, kuma gudu ba ya hana wannan faɗuwa, yana rage lokacin da ake yin ta ne kawai. Ƙwayar .300 Winchester Magnum tana ɗaukar kimanin kashi biyu bisa uku na daƙiƙa kafin ta kai mita 500, a cikin wannan ɗan lokaci ta sauka da kusan mita biyu daga layin bututun, a mita 1,000 kuwa saukar takan kai wajen mita goma. Maharbi yana rama wannan ne ta hanyar ɗaga saiti, kuma idan an daidaita madubin saitin a mita 200, to a mita 300 magnum ɗin zai sauka da kimanin santimita 20, na .308 da ƙasa da 30. Bambancin bai kai tafin hannu ba. Sai a mita 500 ne ratar take buɗewa, inda na farko yake sauka da mita ɗaya da 'yan kai, na biyu kuma kusan mita ɗaya da rabi. Amma a wannan nisa kuskuren mita hamsin wajen ƙiyasta tazara, wanda ido yakan yi cikin sauƙi a fili marar bishiya ko tudun da za a gwada da shi, yana kautar da ƙwayar da kimanin santimita arba'in, wato ya cinye ribar da aka saya da tsadar magnum gaba ɗaya.

Iska ta fi wannan wuyar sha'ani, domin faɗuwa ana iya lissafa ta tun daga gida, iska kuwa sai an karanta ta a wurin, kuma ba lallai ne yadda take kaɗawa a inda maharbi yake kwance ya zama haka take a tsakiyar hanya ba. Iska mai gudun kilomita 16 a sa'a, idan ta bugo daga gefe, tana ture ƙwayar magnum da kusan rabin mita a nisan mita 500, a kilomita ɗaya kuwa da wajen mita biyu. Lokacin farauta a ƙasar Gumel shi ne rani, daga bayan kaka zuwa faɗuwar damina, kuma rabin farko na wannan lokaci hunturu ne, lokacin da iskar arewa maso gabas take tasowa daga Sahara da ƙura da hazon da kan rufe abin da ke gaban mutum. Idan hunturu ya wuce bazara ta shigo da zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, sai kawalwalniya ta tashi daga rairayi, wadda a cikin madubi mai jawo nesa take sa abin harbi ya riƙa rawa yana bayyana a inda ba ya nan. Zafin yana kuma sa iska ta yi sauƙi, albarushi ya ƙara ci, don haka jadawalin da aka buga a ƙasar sanyi ba zai yi daidai ba a Maigatari da tsakar rana. A kan waɗannan duka akwai dabbar kanta, wadda idan ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya a daidai lokacin da aka ja kunama, ƙwayar da aka nufi ƙirji da ita a ciki ko cinya za ta sauka, dabbar ta gudu da rauni ta je ta mutu a inda ba za a same ta ba. Ga mafarauci Musulmi wannan asara biyu ce, domin ya azabtar da rai, kuma naman da bai same shi ba bai amfane shi da komai ba.

Akwai kuma shurin bindiga, wato dukan da take yi wa kafaɗa idan an harba. A bindigogi masu nauyi ɗaya, shurin .300 Winchester Magnum ya fi na .308 da wajen rabi, na .375 kuwa ya ninka shi. Masu koyar da harbi sun daɗe da sanin cewa wanda yake jin tsoron shuri yakan runtse ido ko ya fizgi kunama kafin harsashi ya tashi, ba tare da ya san yana yi ba, kuma maganin wannan shi ne yawan gwaji, abin da tsadar harsashin magnum take hanawa. Bututun ma yana da iyakar kwana: na .308 yakan jure harbi dubu biyar ko fiye kafin saitinsa ya lalace, na magnum kuwa zafin albarushi yakan cinye maƙogwaronsa a ƙasa da rabin wannan.

Mutanen wannan yanki ba baƙin bindiga ba ne. A ƙarni na goma sha tara Gumel tana tsakanin maƙwabta masu ƙarfi, Haɗeja ta gabas da Damagaram ta arewa, kuma Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya shahara da tara bindigogin da fatake suke kawowa ta hanyar Sahara, har ya sa aka riƙa ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa. Abin da ya tsayar da bindigar talaka a matakin adaka siyasa ce ta Turawa, domin yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Brussels a 1890 ta hana sayar wa mutanen mafi yawan nahiyar Afirka raifil na zamani, ta bar musu bindigar ɗuri da baƙin albarushi. Maƙeran gida suka karɓi aikin, mafarauta kuma suka gina sana'arsu a kan abin da ke hannunsu. Adaka ba ta da tabbas bayan mita arba'in ko hamsin, saboda haka gwanintar maharbin Hausa ta koma ga sanɗa, da karanta sawu, da sanin inda iska take kai warin mutum, da yin kwanto a mashaya, har da sa kan burtu a goshi domin a kusanci dabba tana zaton tsuntsu ne. Farautar gayya kuwa, wadda ake buga gangi a fita garuruwa da karnuka da gora da barandami ƙarƙashin sarkin dawa ko sarkin baka, ba ta dogara da bindiga ba ma sam.

Babbar tambaya ita ce mene ne za a harba. Dajin da ya rage tsakanin gonakin gero da wake da riɗi da zoɓo na Gagarawa da Sule Tankarkar, abin da yake bayarwa shi ne zomo da fakara da zabon daji da gafiya da kurege da damo, sai dila da yanyawa nan da can. Barewa, wadda a da ita ce abin alfaharin maharbin Sahel, ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma ko an same ta nauyinta bai cika wuce kilo talatin ba, wurin da ya kamata a same ta a ƙirji bai fi faɗin santimita goma sha biyar ba. Ƙwayar da aka yi domin dabba mai kilo ɗari uku, idan ta faɗa wa irin wannan jiki daga kusa, ratsa shi take yi ta wuce da mafi yawan ƙarfinta, ta bar nama a dagargaje da ɓarɓashin dalma a cikinsa, kuma dalma guba ce da ba ta da ƙaramin kaso mai lafiya ga yara, kamar yadda annobar ƙauyukan Zamfara ta 2010 ta nuna, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta samo asali. Dabbobin da magnum ya dace da su, giwa da ɓauna da gwanki, sai a wurare irin su Yankari a Jihar Bauchi, inda harbinsu laifi ne, haka ma tsuntsayen dausayin Baturiya da ke gabas a ƙasar Haɗeja suna ƙarƙashin kariya.

Ƙwayar da ta wuce ko ta kuskure ita ce haɗarin da ya fi kowanne girma, kuma shimfiɗar ƙasar da take ruɗar baƙo ita ce take ƙara shi. Mafaraucin duwatsu yana harbi ne dutse yana bayan dabbarsa, wanda zai tare ƙwayar. A ƙasar Gumel babu abin da zai tare ta, kuma ƙwayar raifil da ta tashi sama kaɗan tana iya tafiyar kilomita huɗu zuwa biyar kafin ta sauko, da ƙarfin da ya isa kisa. Da wuya a ja layi mai wannan tsawo a cikin masarautar bai bi ta kan ƙauye ko ruga ko rijiya ko burtali ba, balle ranar Laraba da Alhamis, lokacin da garkunan shanu da raƙuma da tumaki suke kwararowa daga Jamhuriyar Nijar zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari. Ƙananan ƙwayoyin bindiga mai baki biyu, waɗanda ake harbin tsuntsu da zomo da su, aikinsu a cikin mita arba'in yake, kuma sukan zube ƙasa a cikin mita ɗari biyu zuwa uku. Gajartar zangon da ake raina su da ita, a irin wannan ƙasa kariya ce ga makiyayi da mai itace.

Doka ma ba ta bar ƙofar a buɗe ba. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, da na amfanin kai irin su mai baki biyu da raifil na farauta waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sai bindigogin ɗuri irin su adaka waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake da iko a kansu. A cikin jerin haramtattun an ambaci raifil na soja masu kaurin milimita 7.62 da inci .300 da .303, kaurin da ya yi daidai da na fitattun magnum na .300. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ta hana tsallakawa da bindiga ko harsashi daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da izini na musamman ba, abin da ya shafi garin kan iyaka irin Maigatari kai tsaye, sannan Dokar Namun Daji ta Arewacin Najeriya ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa sun iyakance abin da za a harba.

Idan aka tsaya a kan kwatancen harsasan su kaɗai, hukuncin a fili yake: 7mm Remington Magnum ya fi sauƙin shuri da miƙewar tafiya, .300 Winchester Magnum ya fi haɗa nesa da nauyin duka, .338 Lapua Magnum ya fi su duka bayan kilomita ɗaya amma nauyin bindigarsa da tsadarsa sun mai da shi na soja da 'yan gasa, .375 H&H kuwa na manyan dabbobi ne a kusa. A ƙasa da mita 300, inda kusan duk farautar da ta dace take faruwa, babu ɗayansu da ya fi harsashi na yau da kullum da abin da dabba za ta ji bambancinsa. A ƙasar Gumel kuwa, inda naman dajin ƙanana ne, ƙasar a shimfiɗe, mutane da dabbobinsu a ko'ina, babu ko ɗaya daga cikin huɗun da yake da aikin yi, kuma abin da ya rage wa ƙungiyoyin mafarauta da masarauta da ma'aikatar muhalli ta jihar shi ne yi wa bindigogin da ke hannu rajista, da tsayar da lokacin farauta, da hana harbin barewar da ta saura.